Uwa da 'ya'ya biyu a hanta: me takardar sikana take nufi?

Autan Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Taimako nake nema wajen wanda ya san aikin asibiti. Yayana ne, shekararsa 43, tela ne. Tun bayan ƙaramar salla yake zubewa, har wandon da ya ɗinka wa kansa na salla sau biyu yana rage masa ƙugu. Ga ciwo a gefen dama, ƙasan haƙarƙari, in ya sunkuya kan keke sai ya ce kamar an cusa masa dutse. An yi eko, wato hoton ciki na na'urar sauti, aka ce a yi sikana, wato babban hoton CT, jiya muka karɓo takarda. Faransancin na karanta, ma'anar ce ta gagare ni. An rubuta akwai ƙari mai santimita 6 a sashe na 7 na hanta, sannan "deux nodules satellites", ɗaya milimita 9, ɗaya milimita 12, dab da babban. Likitan da ya duba mu mutum ya fi talatin a ƙofarsa, abin da ya ce kawai: "Akwai uwa, akwai 'ya'ya biyu, ku shirya tafiya Yawunde." Kafin in buɗe baki an kira na bayanmu. To 'ya'yan nan su ne me? Ya bazu ke nan? Yaya bai sani ba tukuna, ni da matarsa kaɗai muka gani.

Maman Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Mai Shagon Waya: Allah ya sawwaƙe. Ni dai satelit ɗin da na sani shi ne na Canal+ da nake ɗaura wa mutane a kan rufi. Me ya kai shi hanta kuma?

Hajiya Mai Atamfa: Kai yaro, nan ba wurin wasa ba ne.

Mai Shagon Waya: Wallahi Hajiya ba wasa nake ba, tambaya ce. A yafe ni.

Nas ɗin Marwa: Tambayarsa ma tana kan hanya, Hajiya. Kalmar ɗaya ce, ma'anarta: ƙaramin abu da ke raɓe da babba, kamar wata da duniya. Mu in muna yi wa dangi bayani kaza da 'yan tsaki muke cewa. Auta, duba takardar da kyau ka gaya mana abu uku: me ta ce game da "tronc porte", akwai kalmar "ascite", kuma an taɓa yi masa gwajin hepatit B?

Autan Garwa: Ta ce "tronc porte perméable", kuma "pas d'ascite". Hepatit B ba a taɓa yi ba a sanina. Amma babanmu da kumburin ciki ya rasu, ina ƙarami lokacin, aka ce sammu ne.

Kawu Direba: Ɗana, zan faɗa maka gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Shekara 26 ina jan mota tsakanin Garwa da Gaundare. Marasa lafiyar da na sauke a tashar jirgin ƙasa ba su ƙirguwa, kuma da yawa 'yan rakiyarsu kaɗai na ɗauko a dawowa, da tabarma a naɗe da kwanon da ba a ci ba. Daji in ya haihu ya gama aikinsa. Kada ku sayar da kekunan ɗinkinsa ku zuba a Yawunde, ku bar wa yaransa abin da za su ci. A mayar da shi ɗakinsa, a yi masa rubutu, a yi ta addu'a.

Hajiya Mai Atamfa: Haba Kawu! Mutum da ransa kake yi masa ta'aziyya?

Kawu Direba: Hajiya, ba na yi masa fatan komai sai alheri. Amma na ga gidan da aka rasa mai gida aka rasa gidan.

Goggon Kusiri: Maganar Kawu ba ta da daɗi amma ba ƙarya ce duka ba. Ni dai zan ba da abin da idona ya gani, ko da ba hanta ba ce. Innarmu ta yi wani baƙin tabo a tafin ƙafarta, wajen diddige. Shekara kusan biyu muna cewa kaushi ne, ana goga dutse, ana shafa man kaɗe. Da ya fara tsattsafo jini muka ce ƙaya ta taka. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da nake sa mata lalle na ga 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe guda uku a gefensa, kamar an watsa ƙwayar gero ta ƙone. Muka haye gadar Ngeli zuwa Njamena. Likitan bai ma daɗe a kan babban ba, 'yan ƙananan yake ta aunawa da ruwula, ya shafa mata matsematsi ya ce akwai kaluluwa. Aka yanke, aka cire kaluluwar. Ta yi shekara ɗaya da wata huɗu. Har yau ina tambayar kaina, da mun je kafin ɗigon nan su fito fa?

Maman Biyu: Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Kawu Direba: To kun ji. Abin da nake faɗa ke nan.

Goggon Kusiri: A'a Kawu, kada ka ɗauki labarina ka yi sanda da shi. A cikin shekarar nan ta aurar da jikarta, ta tafi da ƙafarta har gidan biki tana dogara sanda. Kafin aikin ƙafar wari take, ba mai iya zama ɗakin. Ba mu yi da-na-sanin kuɗin ba.

Likita a Gaundare: Salamu alaikum. Yanzu na sauka daga aikin dare na tarar da saƙonni jibge. Auta, ban ga hotunan ba, ban taɓa cikin yayanka ba, saboda haka abin da zan faɗa bayanin kalmar ne, ba hukunci a kansa ba.

Hanta ba dunƙule guda ba ce kamar yadda muke ganinta a tiren mahauci. Wani likitan fiɗa na Faransa, Claude Couinaud, tun cikin shekarun 1950 ya nuna ta kasu sashe 8, kowane sashe da nasa reshen jijiyar da ke kawo jini daga hanji. Wanda ya taɓa ganin gonakin shinkafar Yaguwa zai gane: kowane fangali da hanyar ruwansa. Dajin da ya tsiro daga hanta yana da son kutsawa cikin waɗannan ƙananan jijiyoyi. In ƙwayoyinsa suka ɓalle suka bi jini, da farko ba sa nisa, sai su maƙale a cikin fangalin nan su tsiro. Su ne 'ya'yan. Yawanci ana ba su wannan suna in sun fi uwar ƙanƙanta kuma suna cikin tazarar santimita 2 daga gare ta.

To ganinsu yana nuna ciwon ya fara bin jijiya. Wannan ba labari mai daɗi ba ne, ba zan shafa masa zuma ba. Wanda aka yi wa fiɗa alhali akwai 'ya'ya a gefe, ciwon ya fi saurin dawo masa a kan mai ƙari tilo, kuma irin wannan dawowar ta fi yawa a cikin shekara biyun farko. Dalili: inda sikana ta ga biyu, ana iya samun wasu da ba su kai girman da za ta gani ba. Shi ya sa likitan fiɗa ba ya ƙwaƙule ƙarin kaɗai ya bar gefe, sai ya ɗebe fangalin gaba ɗaya da hanyar ruwansa, wani lokaci ma rabin hantar.

Amma "ya haihu" da "ya bazu jiki" ba abu ɗaya ba ne, a nan na rabu da Kawu. 'Ya'yan da ke gindin uwarsu a sashe ɗaya wuƙa ɗaya tana iya kwashe su tare. Daban ne da wanda ya watsu ɓari biyu na hanta, ko ya toshe babbar jijiya, ko ya kai huhu da ƙashi. Takardarku ta ce babbar jijiyar a buɗe take, kuma ruwa bai taru masa a ciki ba. Waɗannan layi biyu, a wurina, nauyinsu bai gaza na kalmar da ta hana ka barci ba.

Autan Garwa: Likita, Allah ya saka da alheri. Tun jiya sai yanzu na ja numfashi sosai. Ke nan za a iya yi masa aiki?

Likita a Gaundare: Kada ka yi saurin ja da yawa. Tambaya biyu ce a hanta, ba ɗaya ba: me za a cire, kuma me zai rage. In hepatit B ta daɗe tana cin hantar har ta ƙandare, abin da muke kira siroz, to ko ƙarin yana cirowa, ragowar ba lallai ta iya riƙe mutum ba. Akwai ma'aunin da ake kira Child-Pugh, yana raba mutane A, B da C bisa ga bilirubin (abin da ke sa ido rawaya), albumin (sinadarin da hanta ke haɗawa a jini), saurin daskarewar jini, ruwan ciki da ruɗewar hankali. Mai A ne aka fi yi wa maganar fiɗa. Saboda haka kafin ku hau jirgi ku yi waɗannan a nan arewa, don kada ku je can ku zauna mako biyu kuna biyan ɗaki kuna jiran sakamako: gwajin hepatit B da C, AFP (alamar dajin hanta a jini), bilirubin, albumin, TP (gwajin daskarewar jini), ƙirgen jini gaba ɗaya, da hoton ƙirji. Kuma ku karɓi faifan sikana ko fim ɗin kansa, ba takarda kaɗai ba. Likitan fiɗa da idonsa yake son gani.

Ɗan Kasuwar Duwala: Me zai hana a yi dashe kawai? Na ji ana zuwa Indiya da Tunisiya ana sauya hanta.

Likita a Gaundare: Dashen ma yana da ƙa'ida, Alhaji, ba kuɗi kaɗai ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce ta Milan, daga Italiya, tun 1996: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko har uku waɗanda babu wanda ya wuce santimita 3, ba shiga babbar jijiya, ba fita waje da hanta. Santimita 6 da 'ya'ya biyu ya fita daga wannan layin. An sa iyakar ne don an ga in aka wuce ta ciwon yakan dawo ya ci sabuwar hantar. Akwai wasu hanyoyi: a bi ta jijiyar cinya a kai magani har bakin ƙarin a toshe masa jini, ko ƙwayoyi irin sorafenib da aka fara amfani da su a dajin hanta tun 2007, waɗanda ke rage masa gudu ba warkarwa ba. Wanne ya dace, sai an ga gwaje-gwajen.

Malamin Lise: Ina da ja a kan wani abu, ba don na fi Likita sani ba, sai don abin ya faru a kaina. Shekara huɗu da suka wuce ina tari ina zufar dare, aka yi mini hoton ƙirji, aka ga ƙulli a saman huhun dama da 'yan ƙanana kewaye da shi. Kalmar nan dai ta satelit aka rubuta. Wani ɗan'uwa ya bincika a intanet, gida ya cika da kuka, har ƙanena ya fara tambayar inda takardun fili suke. Aka yi gwajin majina da na'urar GeneXpert, ashe tarin fuka ne. Wata shida ina shan ƙwaya kullum da asuba, fitsari ja kamar zoɓo, kuma ko sisi ban biya na maganin ba. Ga ni ina koyar da lissafi. To ta yaya aka tabbata na yayan Auta daji ne tun ba a yanki tsoka an kai anafat, ɗakin da ake duba ta a madubi, ba?

Likita a Gaundare: Malam, ja mai kyau. A huhu gaskiyarka ce: ƙulli da 'yan ƙanana a gefensa sau da yawa tarin fuka yake nunawa, balle a ƙasashenmu. Kalmar siffa ce kawai ta abin da ido ya gani, ba ita ce sunan ciwon ba. A hanta ma ƙurji mai ruwa yana iya zuwa da 'ya'ya, haka dajin hanyar matsarmama, haka wanda ya taso daga hanji ya sauka a hanta. Sai dai dajin hanta na asali yana da tambarinsa a sikana in an yi allurar ruwan da ke haska jijiya: yana saurin shan ruwan ya yi haske kafin sauran hanta, daga baya ya riga ta zubar da shi. In aka ga haka a hantar da ta yi siroz, ana iya yanke magana ba tare da an tsira allura an ɗebo tsoka ba. In hoton bai fito da wannan tambarin sarai ba, to sai an ɗebo.

Ɗalibar Likitanci: Likita, in ka ba ni dama in ƙara wani abu da muka yi jarrabawa a kansa kwanan nan, don ya taɓa maganar Kawu. Tsarin da ake auna matakin daji da shi, TNM, wani Bafaranshe ne ya ƙirƙiro shi, Pierre Denoix, tsakanin 1943 da 1952. T girman uwar, N kaluluwa, M bazuwa nesa. Ana sabunta littafin lokaci-lokaci. A dajin huhu, kafin bugu na 7 da ya fito a 2009, in aka ga ɗa a ɓangare ɗaya da uwar, T4 ake rubutawa. In yana wani ɓangaren na huhun gefe ɗaya, M1 ake sa wa, wato ya bazu. Da aka tattara bayanan dubban marasa lafiya daga ƙasashe da yawa sai aka ga waɗannan mutanen suna daɗewa fiye da yadda aka ɗauka, musamman waɗanda aka yi wa fiɗa. Sai aka sauko da su: na ɓangare ɗaya ya koma T3, na wani ɓangaren gefe ɗaya ya koma T4, na ɗaya huhun kuma M1a. Ke nan su kansu manyan likitocin duniya sun taɓa yin hukunci irin na Kawu, lissafi ya sa suka janye.

Kawu Direba: 'Yata, can Turai ke nan, inda ake gano abu tun yana kamar ƙwayar wake. Mu nan sai ya zama goruba.

Ɗalibar Likitanci: Wannan kam ban musa ba, Kawu. Kuma a fata akasin huhu ne. Irin na Innar Goggo, melanom, a wurin baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Ɗigon da ke cikin santimita 2 daga uwar shi ne satelit, wanda ya wuce haka amma bai kai kaluluwa ba ana ce masa mai kan hanya. Ko guda ɗaya aka gani, ko da a madubin anafat ne kaɗai, ciwon ya shiga mataki na 3 kai tsaye, ko kaluluwa ba ta kumbura ba, don ta hanyar ruwan kaluluwa ya bi. Shi ya sa likitan Njamena ya fi damuwa da ƙananan.

Nas ɗin Marwa: Amma kada kowa ya duba ƙafarsa yau da dare ya firgita. Akwai wani ciwon, Kaposi, shi ma yana fitar da ƙulle-ƙulle masu duhu da yawa a ƙafa, ya fi kama masu raunin garkuwar jiki, kuma maganinsa daban. Tabon da ke girma, ko sauya launi, ko jini, a kai shi a gani, shi ke nan.

Hajiya Mai Atamfa: Tunda an buɗe, bari in faɗi nawa, da ma ba na ɓoyewa. Nawa a nono ne, na hagu. Sai da fatar ta yi kamar ɓawon lemo, 'yan ƙulle-ƙulle biyu suka fito a saman fata gefen babban, sannan na yarda na je. Kunya da tsoron wuƙa suka ci mini wata takwas. A Yawunde aka ce ba za a fara da yanka ba. Aka yi mini shimiyo tukuna, wato maganin daji mai ƙarfi, gashin kaina ya zube tas, na yi ta ɗaura kallabi biyu, ƙulle-ƙullen suka lafa, sannan aka cire nonon gaba ɗaya da kaluluwar hammata, sannan aka gasa wurin da hasken na'ura. Bana shekara biyar. Ina zuwa dubawa, ina sayar da atamfata. Da na bi shawarar masu cewa ya haihu ya gama, da yanzu sai dai a ce Allah ya jiƙan Hajiya.

Ɗalibar Likitanci: Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Naki a littafi T4b ne, 'ya'ya a fatar nono ɗaya, mataki na 3 in bai je wani wuri ba, kuma yadda aka yi miki haka ake yi, magani kafin wuƙa. Amma in 'ya'yan a cikin tsokar nonon suke ba a fata ba, da girman babban cikinsu ake auna T, sai dai yakan sa a cire nonon duka maimakon a yanki gefe.

Kawu Direba: Hajiya, Allah ya ƙara miki kwana. Amma nono a waje yake, ana cire shi a rayu. Hanta guda ce.

Likita a Gaundare: Kawu ya faɗi daidai a nan, kada mu ruɗi Auta da labarin Hajiya. Dajin hanta ya fi na nono taurin kai nesa ba kusa ba, kuma yawancin waɗanda ke zuwa mana sun wuce fiɗa. Abin da hanta ta fi sauran gaɓoɓi shi ne tana tofowa: in lafiyayya ce, ana iya cire fiye da rabinta ta sake cika. Matsalar ita ce ba kasafai muke samunta lafiyayya ba. Ni abin da nake cewa, yanke shawarar tafiya ko zama ya zo bayan gwajin jini, ba kafinsa ba. In sakamako ya nuna C, ni da kaina zan ce kada a wahalar da shi a jirgi, a nema masa maganin zafi mai ƙarfi ya zauna cikin iyalinsa. Wannan ma magani ne, ba jefarwa ba.

Ɗan Kasuwar Duwala: Kafin nan ku dafa masa ganyen korosol safe da yamma. Mutane da yawa sun ce yana narkar da ƙari. Akwai kuma wani mai magani da na sani, jarka biyu kawai.

Likita a Gaundare: Alhaji, don Allah a'a. Duk abin da aka haɗiya hanta ce take tace shi. Na sha karɓar mutum da ya zo da ƙafarsa, aka ba shi jarkar da ba a san abin da ke ciki ba, bayan mako biyu ido ya yi rawaya, ciki ya cika da ruwa, ya faɗo daga A zuwa C, damar fiɗar ta tafi. Addu'a da tofi ba su hana komai, a yi ta yi. Jiƙe-jiƙe da saiwa a ajiye. Haka ma ƙwayoyin ciwon jiki na tebur, kada ya riƙa sha barkatai.

Maman Biyu: Ni tsorona wuƙar ce. A unguwarmu ana cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya haukace.

Nas ɗin Marwa: Maman Biyu, maganar nan daga 'ya'yan nan ta samo asali. Ana yanke uwar, waɗanda ba a gani ba suna nan, bayan wata shida su taso, sai a ce wuƙa ce ta tayar da su. Da ma suna kwance. Abin da yake ɓarna na gaske shi ne tsagar wanzami ko sakiya a kan ƙari, ko a yanke shi a ɗan ƙaramin ɗaki a jefar ba a kai anafat ba.

Malamin Islamiyya: Ni ban san hanta ba, amma akwai abin da aka tsallake tun saƙon farko. Auta ya ce Yaya bai sani ba. Ana ta shawarar sayar da kekunansa ko barinsu, mai kekunan yana ɗaki ba a tambaye shi ba. Mutum ne baligi mai hankali, tela kuma, akwai yadin mutane a shagonsa, akwai bashi a kansa ko a wurin wasu. Yana da haƙƙin ya shirya. A faɗa masa da taushi, a hankali, gwargwadon abin da ya tambaya, amma kada a yi masa ƙarya.

Goggon Kusiri: Mu mun ɓoye wa Inna, Malam. Daga baya ta ce mini, "Kuna tsammani ban iya karanta fuska ba?"

Autan Garwa: Matarsa ce take roƙona kada in faɗa, tana tsoron ya karaya ya daina cin abinci. Zan yi magana da ita. Gobe da safe za mu je gwajin jinin.

Likita a Gaundare: Auta, kai ma ka miƙa hannunka a ɗebi naka, da duk waɗanda kuka fito ciki ɗaya, da matarsa. Uba ya rasu da kumburin ciki, ɗa ya yi ƙari a hanta yana 43, wannan kamannin hepatit B ne da ake ɗauka tun ana yara a gida ɗaya. A Kamaru sai 2005 rigakafinta ya shiga allurar jarirai, duk wanda aka haifa kafin nan bai samu ta wannan hanyar ba. Wanda aka samu da ita akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana ga wanda ya cancanta, da eko duk wata shida, don a kama uwar tun ba ta haihu ba. Wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Kuma gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu a daina cewa asara ce a zubar: gubar aflatoksin da ke cikinsu in ta haɗu da hepatit B, haɗarin ninkuwa yake.

Maman Biyu: Wai! Mu da muke tsince baƙar gyaɗa mu ajiye ta don ƙuli-ƙuli.

*Bayan kwana shida*

Autan Garwa: Salam jama'a, ga inda aka kwana. Hepatit B tana nan, AFP ya hau sosai, huhu fes. Likitan da ya duba sauran ya ce A ne, amma ƙwayoyin daskarar da jini sun ɗan yi ƙasa, sai likitan fiɗa ya gani ya ce eh ko a'a. Mun faɗa wa Yaya daren Juma'a. Ya yi shiru, sannan ya ce a kira yaron shagonsa, suka zauna da littafi suna ware yadin mutane, kowanne da sunan mai shi a takarda an maƙala da fil. Ya ce keke ɗaya za a sayar, na zigzag, baƙin Singer ɗin babanmu kuwa kada wanda ya taɓa. Cikin mu biyar da aka gwada, ni da yayarmu mace muna da ita. Ban gama haɗiye wannan ba tukuna. Jirgin daren Talata muke so mu bi daga Gaundare. Akwai wanda yake da ɗaki a unguwar Birkitiri a Yawunde da za mu sauka ko na mako guda?

Hajiya Mai Atamfa: Gidan ƙanwata yana nan, inda na zauna lokacin nawa. Zan turo maka lambarta ta gefe. Ku tafi da bargo, Yawunde da sanyin asuba.

Kawu Direba: Ni har yanzu ina kan bakana, ban ga abin da zai sa in sauka ba. Amma Talata ina da lodin Gaundare. Ku same ni tasha ƙarfe biyar da rabi na asuba, kada ku sayi tikiti. Shi zai zauna gaba kusa da ni. Ku zo da matashi biyu a tokare masa gefen dama, don hawan dutsen nan kafin a shiga gari ba ya raga wa mai lafiya ma.